Ƙullin Maganaɗisu: Binciken da Adamawa Za Ta Iya Shiga da Allo da Kwamfuta

Sunan Malkohi ya shiga kunnen duniya ne ta ƙofar baƙin ciki. A farkon watan Mayun 2015 aka sauke mata da yara 275, waɗanda sojoji suka kuɓutar daga dajin Sambisa, a sansanin 'yan gudun hijira na wannan ƙauye da ke gefen Yola. Ranar 11 ga Satumba na shekarar, bam ya tashi a cikin sansanin, ya hallaka aƙalla mutum 7. Tun daga lokacin, duk wanda ya nufi Malkohi da niyyar alheri buhun shinkafa yake ɗauka, ko gidan sauro, ko keken ɗinki. Babu laifi a wannan. Wanda ya baro Gwoza ko Madagali da rigar jikinsa kaɗai, abin da yake buƙata ke nan a ranar.

To amma shekaru sun ja. Yaron da aka riƙo wa hannu aka shigo da shi yana ɗan shekara bakwai, yau saurayi ne da ya isa zana jarrabawar JAMB. A cikin irin waɗannan samari da 'yan mata, kamar kowane taron jama'a, ba a rasa wanda Allah ya hore wa kaifin lissafi. Idan ya dace, ya tsallaka gadar Jimeta ya isa Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, me ya kamata ya tarar? Kamata ya yi ya tarar da malaman da ke fama da tambayoyin da duniyar kimiyya ba ta gama amsawa ba, su jawo shi ciki. Kuma akwai fagen da Adamawa za ta iya shiga yau ba tare da jiran biliyoyin naira ba, wato nazarin ƙulle-ƙullen da ke samuwa a cikin maganaɗisu.

Duk wanda ya tashi a Yola ko Jimeta ya san wasan nan: a samo matacciyar rediyo, a fasa lasifikarta, a ciro baƙin zoben nan mai nauyi, a ɗaura masa zare a ja shi cikin yashi. Kafin a kai ƙarshen layi ya yi gemu da baƙin garin ƙarfe. Abin da yaro bai gani ba shi ne, kowace ƙwayar zarra ta ƙarfen da ke cikin zoben ita ma ɗan ƙaramin maganaɗisu ce mai kai da gindi. Idan yawancinsu suka fuskanci wuri guda, sai ƙarfen ya riƙa jan ƙusa da allura. Da wannan ɗabi'a faifan ajiyar kwamfuta yake rubutu: a juya wani ɗan yanki ya fuskanci nan, an rubuta 1, a juya shi ya fuskanci can, an rubuta 0. Yawancin hotuna da bidiyon da mutane ke ɗorawa a intanet a kan irin waɗannan faya-fayai suke kwance.

A wasu ma'adinai, ƙwayoyin ba sa tsayawa sahu ɗaya. Akan sami wani ɗan da'ira inda ƙwayar tsakiya ta kalli ƙasa, na bakin da'irar suka kalli sama, waɗanda ke tsakani kuwa suna murɗawa kaɗan-kaɗan daga wannan fuska zuwa waccan. Wannan shi masana ke kira sikirmiyon. Gardama ce tsakanin ƙarfi uku take haifar da shi. Na farko yana son kowace ƙwaya ta fuskanci inda maƙwabciyarta ta fuskanta. Na biyu yana son ta ɗan karkace daga maƙwabciyar. Igor Dzyaloshinskii na Tarayyar Sobiyet ne ya gano shi a 1958, Toru Moriya na Japan ya bayyana tushensa a 1960, kuma ana samunsa a ma'adinai masu karkataccen tsari ko a mahaɗar ƙarafa biyu, kamar inda siririn kobal ya kwanta a kan filatinam. Na uku shi ne jan maganaɗisun da aka kawo daga waje, mai son kowa ya bi shi. Idan babu wanda ya kayar da wani a cikin ukun, sulhun da ake yi shi ne wannan murɗaɗɗen da'ira.

Abin da ya ja hankalin masana shi ne taurin kansa. Mutum ya yi ƙulli a tsakiyar igiyar guga, sannan ya ɗaure bakinta biyu. Zai iya matsar da ƙullin gaba ko baya, ya sassauta shi ko ya tamke, amma ba zai ɓatar da shi ba sai ya yanke igiyar ko ya kwance bakinta. Haka sikirmiyon yake. Masu lissafi suna ba shi lamba, gwargwadon sau nawa fuskokin ƙwayoyinsa suka game dukkan kusurwoyin da ake iya fuskanta. A filin da kowa ya kalli sama lambar sifili ce, a ƙulli guda lambar ɗaya ce, kuma ba a zamewa daga ɗaya zuwa sifili sannu a hankali. Reshen lissafin da ke kula da irin waɗannan siffofi da ba sa sakewa don an ja ko an matsa shi ne tofoloji, kuma a kan shigo da shi cikin nazarin ma'adinai aka ba David Thouless da Duncan Haldane da Michael Kosterlitz kyautar Nobel ta 2016.

Tarihin wannan ƙulli shi ne babbar hujjar masu cewa Yola za ta iya. Tony Skyrme, Baturen Ingila da ke aiki a cibiyar nukiliya ta Harwell, shi ya fara rubuta lissafinsa a 1961 da 1962, kuma ba maganaɗisu yake tunani ba, cikin ƙwayar zarra yake son fahimta. Aka yi kusan shekara ashirin ba a waiwayi aikin sosai ba, sai a 1983 Edward Witten da abokan aikinsa suka farfaɗo da shi. A 1989, Alexei Bogdanov da Dmitri Yablonskii, a wata cibiyar bincike da ke Donetsk ta ƙasar Yukiren, suka nuna a takarda cewa dole irin wannan ƙulli ya iya zama daram a cikin wasu maganaɗisai. Lokacin Tarayyar Sobiyet na dab da wargajewa, kuɗin bincike na ƙafewa. Ba su da na'urar da za ta nuna musu abin da suka faɗa.

Sai bayan shekara 20 ido ya tabbatar da abin da alƙalami ya rubuta. A 2009, ayarin Christian Pfleiderer na Jami'ar Fasaha ta Munik a Jamus ya harba niyutiron cikin wani ma'adini na manganis da silikon, a sanyin da ya kai wajen digiri 244 ƙasa da sifili, sai ga ƙulle-ƙullen a jere reras. Tazarar da ke tsakaninsu nanomita 18 ce, alhali kaurin silin gashin kai ɗaya yakan kai nanomita 50,000 zuwa 100,000. A 2010 ayarin Yoshinori Tokura a Japan ya ɗauki hotonsu. A 2013 masana a Hambog suka rubuta ƙulli guda suka kuma goge shi da gangan. Zuwa 2015 da 2016 an iya samar da su a zafin ɗaki, ba sai an daskarar da komai ba.

Me ya sa ake wannan wahala? Wutar lantarki. Tun 2010 aka gano cewa a wasu ma'adinai wutar da ke motsa waɗannan ƙulle-ƙulle ta gaza wadda ke motsa iyakokin maganaɗisu na gargajiya da kusan ninki 100,000. A 2013 Albert Fert, Bafaranshen da ya raba kyautar Nobel ta 2007 da Peter Grünberg, ya kawo shawarar a jera su a kan siririn layi su riƙa ɗaukar bayanai: akwai ƙulli 1, babu ƙulli 0. Fert ba baƙo ba ne a wannan harka, domin abin da ya gano a 1988 ya shiga faifan kwamfutocin IBM a 1997, ya sa ajiyarsu ta yi tashin gwauron zabi. Yau matsalar ta fi ta wancan lokaci girma. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa manyan rumbunan kwamfuta sun sha wutar da ta kai terawat-awa 415 a 2024, wato sama da ninki goma na abin da layin wutar Najeriya ke rarrabawa a shekara. Duk wanda ya rage wa ajiyar bayanai cin wuta, duniya za ta neme shi.

Gaskiyar da ba a ɓoyewa ita ce, har yanzu babu waya ko kwamfutar da ake sayarwa a kasuwa mai aiki da sikirmiyon, kuma mai yiwuwa ne wata dabarar ta riga shi. Matsalolinsa sanannu ne. Taurin kan nasa yana da iyaka, domin ƙwayoyin zarra a rarrabe suke, zafi na iya rusa ƙaramin ƙulli, ko ya sulale ta bakin layi ya ɓace. Sannan idan an tura shi da wuta ba ya tafiya sak, yakan kauce gefe. Waɗannan matsaloli su ne abincin masu nazari. A 2016 wasunsu suka lissafa cewa kaucewar za ta gushe idan aka yi amfani da ma'adinan da ƙwayoyinsu ke saɓa wa juna fuska, ɗaya sama ɗaya ƙasa. A 2024 masana a Giranobul ta Faransa suka bi wannan hanya, suka tura ƙulle-ƙullen da gudun da ya kai mita 900 a daƙiƙa. Nan ma takarda ce ta riga na'ura. Tambayoyi irin su wane ma'adini, wane kauri, tsawon wane lokaci ƙulli zai rayu a zafin digiri 40 ko fiye, da yawansu suna nan a buɗe.

Ga inda lissafin aljihu ya shigo. Injin nukiliyar binciken da aka yi gwajin 2009 da shi, a Garching kusa da Munik, ƙarfinsa megawat 20 ne. Namu ɗaya tilo, wanda ke Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun 2004, wajen kilowat 30 ne, kuma don wani aikin daban aka kafa shi. Duk wanda ya ce Adamawa ta yi gogayya a wannan ɓangare, yaudarar kansa yake yi. Amma kayan aikin mai nazari fa? Ƙa'idar da ke bayyana motsin maganaɗisu Lev Landau da Evgeny Lifshitz suka rubuta ta tun 1935, aka ƙara mata gyaran Gilbert a 1955, tana cikin littattafai. Manhajar OOMMF ta hukumar ma'aunai ta Amurka kyauta ce, kuma tana aiki a kan kwamfutar cinya. MuMax3 ta Jami'ar Ghent a Beljiyam ita ma kyauta ce, abin da take nema kawai katin sarrafa hoto na NVIDIA, irin wanda samari ke saya don wasannin kwamfuta. Sabbin maƙalu kuwa ana zuba su kyauta a rumbun arXiv tun 1991, ɗalibin Girei zai karanta su ranar da ɗalibin Tokiyo ya karanta.

Ba sai an je Turai neman misali ba. Kogin Binuwai da ke ratsa Jimeta daga Kamaru ya gangaro, kuma a can, a Jami'ar Yawunde ta Ɗaya, Farfesa Timoléon Crépin Kofané ya shafe shekaru yana yaye ɗaliban digirin digirgir a nazarin igiyoyin motsi masu riƙe siffarsu, dangin wannan ƙulli na kusa, har da waɗanda ke bi ta cikin maganaɗisu. Ɗalibansa sun bazu a jami'o'in ƙasar, maƙalunsu na fitowa a mujallun fiziks na duniya, shi kuma Tarayyar Afirka ta ba shi kyautar Kwame Nkrumah ta kimiyya. Kamaru ba ta fi Najeriya kuɗi ba. Abin da ta samu shi ne malami ɗaya da ya zaɓi fagen da ya dace da aljihunsa, ya tsaya a kai.

Adamawa kanta ta taɓa haifar irin wannan mutum. Farfesa Iya Abubakar, haifaffen Belel a 1934, ya yi digirin digirgir a Kambirij, kuma tun 1962 yake buga lissafin yadda girgiza ke warwatsuwa idan ta bugi doron da ba shi da santsi. Ya shugabanci sashen lissafi na Jami'ar Ahmadu Bello, ya zama shugaban jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Kafinsa da ƙarni biyu, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi ya rubuta littafi a kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Wanda duk ya ce lissafi mai zurfi ba gadonmu ba ne, bai bincika ba.

Masu suka suna da abin faɗa, kuma ya cancanci amsa. Na farko zai ce ana ta kai wa yake ta kaya, jihar da ke da 'yan gudun hijira da yaran da ba sa zuwa makaranta ina ita ina ƙullin da ido ba ya gani? Amsar ita ce, kuɗin ɗaki ɗaya mai wutar sola da kwamfutoci huɗu ko biyar masu ƙarfi bai kai kuɗin jif ɗaya daga cikin waɗanda ke jerin gwanon manya ba, don haka ba daga bakin mayunwaci za a cire shi ba. Bayan haka, ɗalibin da ya ƙware wajen sa kwamfuta ta warware ƙa'idar motsin maganaɗisu, hannunsa ya faɗa a kan irin lissafin da ake hasashen ambaliya da shi. Mutanen Yola ba su manta 2012 da 2022 ba, lokacin da ruwan sama ya haɗu da sakin madatsar Lagdo, Binuwai ya shiga gidaje da gonaki. Jihar na buƙatar 'ya'yanta da za su iya faɗin inda ruwa zai kai kafin ya kai, kuma a irin wannan ɗaki ake horar da su.

Na biyu zai ce da zarar sun ƙware za su gudu waje. Wasu za su tafi, babu shakka. Abdus Salam ma ya koma Lahore a 1951 da niyyar zama, kaɗaici ya kore shi a 1954, domin babu wanda zai tattauna aikinsa da shi. Wannan ciwo ne ya sa ya kafa cibiyar nazarin fiziks ta ICTP a Tiriyas ta Italiya a 1964, da tsarin da ke ba masanin ƙasa mai tasowa damar zuwa ya yi 'yan watanni ya koma gida bakin aikinsa. Cibiyar tana da reshe a Kigali tun 2018, wanda ɗan Najeriya, Omololu Akin-Ojo, ya fara jagoranta. A Abuja akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa. Malami ba ya guduwa don albashi kaɗai. Yakan gudu idan ya rasa abokin gardama da lokacin tunani, kuma waɗannan biyun ana iya samar da su a gida.

Abin da ake nema ba shi da yawa. Jami'ar Modibbo Adama, ko Jami'ar Jihar Adamawa ta Mubi, ko su biyun tare, su ware malamai huɗu ko biyar daga sassan fiziks da lissafi da kwamfuta, a rage musu nauyin koyarwa. Malamin da ke tsayawa gaban ɗaruruwan ɗalibai da safe, ya kwana yana makin takardu, ba zai zauna da lissafi ɗaya na wata uku ba. A ba su ɗaki mai wutar da ba ta yankewa, domin aikin da kwamfuta ta kwana biyu tana yi yakan lalace da ɗaukewar wuta ta minti ɗaya. A nemi kuɗin daga asusun bincike na TETFund, gwamnatin jiha ta ɗauki nauyin ɗaliban digiri na biyu da na uku, a kuma ƙulla zumunci da Yawunde da Ngaundere da Marwa, waɗanda dukkansu sun fi Legas kusa da Yola.

Sai kuma tushe, wanda idan babu shi duk wannan aikin banza ne. A Malkohi da makarantun Yola ta Kudu, yaro mai kai yana buƙatar malamin lissafi da ya san abin da yake koyarwa, da ajin ƙarin lissafi, da malamin fiziks mai maganaɗisu da garin ƙarfe da batir a teburinsa. Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola ta nuna a shekarun rikicin cewa jami'a na iya fita daga harabarta ta ciyar da 'yan gudun hijira, ta koyar da yara karatu ta rediyo. Mataki na gaba shi ne ɗaliban wannan ɗaki na bincike su riƙa zuwa waɗannan makarantu ranar Asabar, su koyar, su kuma sa ido a kan wanda ya fi saurin kamawa, mace ko namiji, a kai sunansa ga hukumar ba da tallafin karatu.

Kuma a yi awo na gaskiya. Kada a ƙirga maƙalun da aka biya kuɗi aka buga cikin mako guda don neman ƙarin girma. Bayan shekara biyar a tambaya: ɗalibai nawa suka kammala, maƙalu nawa suka tsallake tantancewar mujallu irin su Physical Review B, masana nawa daga waje suka yi amfani da sakamakon, kuma nawa daga cikin waɗanda aka yaye suke aiki a hukumomin ruwa da wuta da sadarwa na jihar. Idan amsar ba ta gamsar ba, a rufe ɗakin a mayar da kwamfutocin ga wani sashe. Majalisar dattawan jami'a da ma'aikatar ilimi mai zurfi ta jihar suna da ikon amincewa da wannan a zama ɗaya, kuma kasafin kuɗin shekara mai zuwa ne wurin da ya kamata a ga layinsa.